Daga Jikin Bango Zuwa Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Mai da Rubutun Titi Zubin Haruffa

Cikin ayyukan da malaman zane-zane suka fi ba ɗalibai akwai wannan: a fita da kyamara a nemo rubutun hannu a jikin bango, ko allon talla, ko murfin kwata, a dawo a mai da shi cikakken zubin haruffa, wato font a bakin masu kwamfuta, wanda za a iya buga kowace kalma da shi. Ɗan'uwan wannan aiki shi ne haɗa haruffa da tarkacen yau da kullum, irin su ƙusa, kilif, tsinken ashana da makulli. Da ji kamar wasa ne. Amma akasarin masu gwadawa suna ƙarewa da hotuna 26 waɗanda kowanne yana da kyau shi kaɗai, da an jera su cikin kalma kuwa sai su ƙi zama da juna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai fentin da ya rubuta allo kalma ya rubuta, ba haruffa ba. Ya san wane harafi ne ke gaba da wane, ya san inda allon ya ƙare, don haka ya matse wannan, ya buɗe wancan, ya ja wutsiyar R ta shiga ƙarƙashin maƙwabcinta saboda ya ga fili a wurin. Zubin haruffa ba shi da wannan gata. Kowane harafi a cikinsa dole ya iya zama kusa da kowane harafi. Manyan baƙaƙe 26 kaɗai suna haɗuwa biyu-biyu ta hanya 676, in aka ƙara ƙanana lissafin ya kai 2,704, ba a ma zo kan lambobi da alamomin rubutu ba. Saboda haka abin da ɗalibi zai ɗauko daga titi shi ne ƙa'idar da hannun mai rubutun ya bi: da me ya rubuta, yaya ya riƙe shi, wane kauri ya ba sanda, ina yake fara lanƙwasa. Hoton shaida ce kawai da za a karanto ƙa'idar daga cikinta.

Haka manyan masu sana'ar suka yi. Tobias Frere-Jones ya zana Gotham a shekarar 2000 domin mujallar GQ, tushensa kuwa haruffan da ke goshin tashar motocin Port Authority a birnin New York da ire-irensu a jikin tsofaffin gine-ginen birnin. Waɗancan manyan baƙaƙe ne, ƙananan sai da aka ƙirƙiro su bisa tsarin manyan. Barry Deck ya fitar da Template Gothic a 1990 daga wata sanarwa da ya gani a shagon wanki, wadda wani da ba gwani ba ya rubuta da rula mai hujin haruffa. Carol Twombly ta zana Trajan a 1989 daga rubutun da ke gindin ginshiƙin Trajan a birnin Rum, wanda aka kammala a shekara ta 113 Miladiyya. A wancan rubutun haruffa 19 ne kawai. Babu H, J, K, U, W, Y da Z, sai da aka gina su.

Ɗaukar hoto

Kuskuren farko a nan ake yin sa, kuma yana bin aikin har ƙarshe. Babbar kyamarar wayar hannu faɗi take ɗauka, in aka matsa kusa da allo sai abin da ke kusa ya kumbura, na nesa ya tsuke. A ja da baya mita 3 zuwa 5, a yi amfani da kyamarar da ke janyo abu ninki 2 ko 3, a tsaya daidai tsakiyar rubutun, bayan wayar yana fuskantar bangon sak. In allon yana sama, gara a tsallaka titi a ɗauka daga nesa da a tsaya ƙarƙashinsa a ɗaga kai. A bar kusurwoyi huɗu na allon su fito cikin hoton, ko taga, ko jerin bulo, duk wani abu da aka san murabba'i ne, domin da shi za a miƙar da hoton a GIMP ko Photoshop.

Akwai tarko a wajen miƙarwar. Manhaja za ta daidaita layuka su tsaya a tsaye, amma ba lallai ta mayar da faɗi da tsayi yadda suke a zahiri ba. Sai harafi ya fito a matse ko a baje, kaurin sandar tsaye da ta kwance ya sauya, ɗalibi ya zauna yana kwaikwayon abin da mai fentin bai taɓa rubutawa ba. Maganinsa awo ne: a auna faɗi da tsayin allon da tef, ko a jingina rula cikin hoton, a daidaita da wannan.

Rubutun fenti ya fi fitowa a inuwa ko ranar da akwai gajimare. Wanda aka sassaƙa a dutse ko aka zuba da ƙarfe kuwa hasken da ke zuwa ta gefe yake so, na safe ko na yamma. In hannu yana kaiwa gare shi, akwai abin da ya fi hoto: a manna takarda marar kauri a kai, a goga kalar kaki a kwance har siffar ta fito. Wannan yana ba da ainihin girman harafin ba tare da karkacewar kyamara ba. Sai a sa a sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci.

Kafin a ɓata lokaci a kan kowane allo, a tabbata rubutun hannu ne. Alluna da yawa a yau na'ura ce ke yanko haruffansu daga leda mai gam, da zubin da ke cikin kwamfuta tuntuni, sau da yawa an ja shi ko an matse shi don ya cika wuri. Ana gane su: harafin da ya maimaitu yana fitowa iri ɗaya ba bambancin ko gashi, kuma in an matse shi sandunan tsaye sukan fi na kwance siranta, abin da hannun gwani ba ya yi. Wanda ya bi layin irin wannan, zubin wani ya kwafa, kuma gurɓatacce.

Karanta hannun mai rubutu

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, shi ne kuma aka fi tsallakewa saboda ɗokin buɗe kwamfuta. Kauri da sirantar harafi ba ado ba ne da aka liƙa masa, sawun kayan rubutu ne. Burushi mai faffaɗan baki faɗinsa ba ya canjawa, inda aka nufa da shi ne ke sa layi ya yi kauri ko ya sirance. In aka riƙe shi a karkace kamar digiri 30, harafin O zai fi siranta a wajen ƙarfe 11 da ƙarfe 5 in an ɗauke shi a matsayin fuskar agogo. In bakin burushin a kwance yake sak, sirantar tana komawa ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Da zarar an gano wannan kusurwa a harafi ɗaya, an san inda C, G, S, e da a za su sirance ko da ba a gan su a allon ba. Gerrit Noordzij, malamin rubutu ɗan ƙasar Holan, ya rarrabe kaurin da ke zuwa daga faffaɗan baki, da wanda ke zuwa daga danna tsinin alƙalami, da wanda ke zuwa daga juya kayan rubutun ana cikin ja. Edward Catich kuwa, wanda shi kansa ya yi sana'ar rubuta alluna, ya kafa hujja a 1968 cewa haruffan Rumawa da burushi aka fara rubuta su a jikin dutse kafin a sassaƙa, kuma daga nan ƙananan ƙafafun da ke ƙarshen sandunansu suka samo asali.

Hanya mafi sauri ta fahimtar wannan ita ce ɗalibi ya nemi irin kayan, ya sake rubuta haruffan da hannunsa a kan takarda, manya-manya, tsayin santimita 10 ko fiye. A nan zai gane ja nawa aka yi wa kowane harafi da wanda aka fara. In allon yana da A guda uku, a ɗora su bisa juna a takarda mai shara-shara. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne hannun mai rubutun. Abin da suka saɓa a kai tsautsayi ne na ranar, ko bango marar laushi, ko fenti da ya zubo.

Zane a kwamfuta

Manhajojin aikin sanannu ne: FontForge kyauta ce kuma tana aiki a kowace irin kwamfuta, Glyphs da RoboFont na masu Mac ne, akwai kuma FontLab. Jarabawar da ke jiran kowa ita ce bin layi da na'ura, kamar Potrace da ke cikin Inkscape. Daƙiƙa kaɗan ta gama, amma takan bar ɗaruruwan ɗigo, wato wuraren da ke riƙe da layin gefen harafi, a harafi ɗaya, saboda ba ta bambance gefen harafi da tsagar bango. Irin wannan ba ya gyaruwa. In ana son ƙara wa sanda kauri sai an motsa ɗigo hamsin maimakon biyu.

Zanen hannu a kan hoton ya fi. Harafin O ɗigo 8 ya ishe shi, 4 a da'irar waje, 4 a ta ciki, kowanne a ƙarshen lanƙwasa: can sama, can ƙasa, iyakar hagu, iyakar dama. Mariƙan da ke jan lanƙwasar, wato 'yan sandunan da ke fita daga kowane ɗigo a manhajar, su kasance a tsaye ko a kwance sak. Ga cikakkiyar da'ira, tsawon mariƙi kusan kashi 55 cikin 100 ne na nisan tsakiya zuwa gefe. In aka tsawaita shi harafin ya nufi murabba'i, in aka gajarta ya yi tsini.

Ana zana haruffa cikin fili da aka raba tsayinsa awo 1,000, ko 2,048 a al'adar TrueType, ɗaya daga cikin tsarin fayil ɗin haruffa. A filin 1,000, wurin farawa mai kyau shi ne tsayin manyan baƙaƙe 700, na ƙanana irin x kusan 500, masu wutsiya irin p da g su sauka 200 ƙasa da layin zama, wato layin da gindin haruffa ke zama a kai. A auna dukan sandunan da ke hoton, a zaɓi kaurin da ya fi yawan fitowa, a tsaya a kansa.

Daga nan sai gyaran da ido ke nema, wanda rula ba ta sani ba. O da ya tsaya daidai tsayin H zai yi kamar ya fi shi gajarta, domin da ɗan wuri kaɗan yake taɓa layi. Sai an bar shi ya zarce sama da ƙasa da awo 10 zuwa 15. Tsinin A da gindin V su ma haka, har sukan nemi fiye. Sandar kwance tana yi wa ido kauri fiye da ta tsaye ko da awonsu ɗaya, don haka in ta tsaye 100 ce, ta kwance ta zama 85 zuwa 90. Sandar tsakiyar H da E a ɗaga ta kaɗan sama da rabi, in ba haka ba sai ta yi kamar ta zame ƙasa. Inda lanƙwasa ke haɗuwa da sanda, kamar kafaɗar n, a rage kauri don kada baƙi ya taru. Gwanayen masu fenti suna yin duk wannan ba tare da lissafi ba, shi ya sa ɗalibin da ya "gyara" musu da rula yakan kashe harafin.

Haruffan da babu su a allon ana ciro su daga danginsu. E tana ba da F da L. O tana ba da C, G, Q da cikin D. Daga n ake samun h, m, r da u. Sai dai juyawa kawai ba ta isa: u ba n ce da aka kifar ba, d kuma ba b ce a madubi ba, domin juyawa ta madubi tana mai da kusurwar burushi baya, kaurin ya koma inda hannu ba zai sa shi ba. S ba ta da dangi, ita kaɗai ake zana ta, kuma cikinta na sama ya ɗan fi na ƙasa ƙanƙanta.

Tazara, inda gizo ke saƙa

Rabin abin da mai karatu ke gani farin da ke tsakanin haruffa ne. Kowane harafi yana ɗauke da tazararsa ta hagu da ta dama, kuma da H da O ake fara saita ta, sai n da o a ƙanana. A buga HHHOHOOO a duba. Abin nema shi ne farin da ke tsakanin haruffa biyu ya yi wa ido daidai da farin da ke cikin harafin. Gefen da yake miƙe yana son tazara mai yawa, mai lanƙwasa ƙasa da haka, mai karkata kusan babu. Misali in H tana da 80 kowane gefe, O za ta nemi wajen 45 zuwa 50, A da V kuwa 10 ko ƙasa. Sauran haruffa suna gadon waɗannan: hagun D irin na H ne, damanta irin na O. Filin da ke raba kalmomi yakan tsaya tsakanin 200 da 250.

Sai an gama wannan ake shiga gyaran tazarar haruffa biyu-biyu, na waɗanda siffarsu ke barin rami: AV, LT, Ta, Ya, Wa. Wanda ya fara da wannan gyara kafin tazarar gefe ta zauna zai sami kansa da ɗaruruwan faci, kuma duk ranar da ya taɓa harafi ɗaya sai ya sake su.

Batun tsufan rubutu kuma yana buƙatar shawara tun da wuri. Fentin da ya ɓare da tsatsa su ne sukan ja hankalin ɗalibi zuwa ga allon tun farko. Amma in aka saka ɓarewar cikin harafi, duk inda harafin ya zo sau biyu a jere, tabo iri ɗaya zai bayyana a wuri ɗaya, asiri ya tonu. Mafita biyu ce. Ko a zana wa kowane harafi siffa 2 ko 3, a rubuta umarnin OpenType, wato umarnin da ake sakawa cikin fayil ɗin haruffa, da ke sauya su bi da bi yayin bugawa, ko a raba aikin hawa-hawa: tsabtataccen harafi a fayil ɗaya, inuwa a wani, tabo a wani, mai amfani ya ɗora su bisa juna da launin da yake so. Aikin HandpaintedType da Hanif Kureshi ya kafa a Indiya ya bi wannan hanya ta hawa-hawa wajen adana rubutun masu fentin titi. Sharaɗinta ɗaya ne: faɗin kowane harafi da tazararsa su zama iri ɗaya a dukan fayilolin, in ba haka ba inuwa za ta riƙa zamewa daga harafinta yayin da layi ke tsawo.

Haruffan tarkace

Hanya biyu ce a nan, kuma haɗa su ne ke ɓata aiki. Ta farko a nemo abin da ya riga ya yi kama da harafi, ba a lanƙwasa shi ba, ba a karya shi ba: wosha O ce, ƙugiya J, buɗaɗɗen almakashi X. Paul Elliman, mai zane ɗan Ingila, ya shafe shekaru yana tara ƙananan gutsattsarin ƙarfe da roba a kan wannan tsari. Ta biyu a zaɓi abu guda a riƙa gina kowane harafi da shi.

Matsalar ta farko kauri ne. Sifana da allura ba za su zauna a kalma ɗaya ba, ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya kamar babu. Ƙara wa allurar girma a kwamfuta ba ya magance komai, domin tsayi da kauri tare suke ƙaruwa. Tun wajen tarawa ake tacewa: kaurin abu in an gwada da tsayinsa ya kasance kusa da na sauran. Matsalar ta biyu lanƙwasa ce. Tsinken ashana ba ya tanƙwaruwa, sai D ta rikiɗe O, B ta zama 8, S ta zama 5, U ta kusa V. Fuskar kalkuleta mai sanda 7 tana nuna iyakar abin: tana fitar da lambobi duka, amma K, M, W da X sun gagare ta, shi ya sa aka ƙera masu sanda 14 da 16. Don haka a fara da haruffa masu wuya. In tsarin ya iya raba waɗannan, sauran za su zo da sauƙi.

Wajen ɗauka, a kafa kyamara a sama tana kallon ƙasa sak, a kulle haskenta da saitinta, kada a taɓa tsayinta har a gama harafi na ƙarshe. A ja layin zama da layin tsayi a takardar da ake jerawa. Inuwa ita ce abokiyar gaba, domin in aka mai da hoton baƙi da fari takan manne da abin ta ƙara masa kauri ta gefe ɗaya. Haske daga ƙasa yana kawar da ita: gilashi a kan fitila da farar takarda a bisa, ko fuskar kwamfutar hannu da aka sa ta yi fari fat. Gwajin gaskiya shi ne a cire launi gaba ɗaya. Harafin da ba a gane shi da baƙar siffarsa kaɗai, launi ne ke riƙe da shi. Akwai tsarin da ke ɗaukar hoto mai launi cikin fayil ɗin haruffa, kamar OpenType-SVG, amma ba kowace manhaja ke karanta shi ba, kuma fayil ɗin yakan yi nauyi. Ga kanun fasta, ajiye haruffan a matsayin hotunan PNG marasa bango ya fi sauƙi.

Mai zana wa masu rubutun Hausa kada ya tsaya a 26. Akwai Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ da Ƴ ƴ, kowanne da mazauninsa a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta: 0181 da 0253, 018A da 0257, 0198 da 0199, 01B3 da 01B4. In babu su, kwamfuta za ta aro harafin daga wani zubi ta cusa shi a tsakiyar kalma. Ƙugiyar a ɗauko ta daga kan f ko bakin r na zubin kansa, don ta fito da kauri da kusurwa irin na gida. A lura da ɗ, wadda ƙugiyarta ke leƙawa dama tana neman karo da harafin da ke biye, musamman mai tsayi, da Ɓ da Ɗ waɗanda tasu ke fita ta hagu, abin da ke sa tazarar hagunsu ta bambanta da ta B da D.

Dokar mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka siffar haruffa ba ta da kariyar haƙƙin mallaka, amma fayil ɗin yana da ita a matsayin manhaja. A Birtaniya dokar 1988 ta ba zanen zubi kariya ta shekara 25 daga fara sayar da shi. Tambarin kamfani kuwa wata doka ce daban ke tsare shi. Ko ina doka ta tsaya, in mai fentin yana raye a neme shi a yi magana, a sa sunansa cikin bayanan fayil ɗin. HandpaintedType da sunayen masu fentin take kiran zubinta. Wanda ke son rabawa kyauta yakan yi amfani da lasisin OFL na ƙungiyar SIL.

A fitar da fayil ɗin a matsayin OTF, wato fayil ɗin OpenType, a buga shi a takarda da girma 12, 36 da 72, a kifar da takardar a duba ta daga nesa, domin idon da ba ya karanta kalma ya fi ganin inda baƙi ya taru da inda rami ya buɗe. Rubutun da aka yi don a hango shi daga tsallaken titi yakan cushe a girma 12, cikin a da e ya toshe. Wannan ba aibi ba ne in an bayyana cewa zubin na kanu ne. Duk lokacin da aka yi gyara aka sake fitarwa, a cire tsohon daga kwamfuta ko a ƙara lamba a sunan sabon, domin manhajoji da yawa suna riƙe tsohon a ma'ajiyarsu su ci gaba da nuna shi, mai zane ya yi ta gyaran abin da ya riga ya gyara.